Sunan da Ke Cikin Salular Habsa

Laifin da zan ba ku labarinsa shi ne satar ji. Mutum ya yi maganarsa ba da kai ba, ka kasa kunne ka ɗauke ta, ka kai ta kasuwa. Mutanen yanzu sun raina wannan laifi saboda ba a kama mai shi da akuya a hannu ko damin hatsi a ka. Ni ban raina shi ba. Wanda ya aikata shi a Filinge ya ga sakayyarsa da rana tsaka, kowa na kallo.

Sunansa Abdulgafar, mai cajin salula ne. Rumfarsa tana bakin kasuwa, daura da inda motocin Yamai ke lodi. Ya ɗora faranti biyu na hasken rana a kan kwanon rumfar, a ciki ya kafa katako mai faɗin ƙofa, wayoyi na reto a jikinsa. Ranar kasuwa mutanen ƙauye, daga Damana har gefen Sanam, kafin su sauke buhu sai sun fara kai masa salula. Kuma ba caji kaɗai yake yi ba. Shi ke buɗe wa mutum Wasap, shi ke zuba wa tsofaffi wa'azi, samari waƙa, shi ke sa kod, lambar sirrin kulle salula, in an manta shi ke tunawa. Mutum zai miƙa masa salula ya juya baya ya shiga cinikin tumaki har la'asar, ko waiwaye babu.

Ciwonsa guda ne: yana son a ce a bakinsa aka fara ji. Bayan rumfar akwai benci da butar shayi, nan 'yan kabu-kabu da 'yan kamasho ke taruwa. Kullum da sabon labari, wane zai saki matarsa, ɗan wane an kama shi a Libiya. Sai su ce, "Abdulgafar, kai ko aljani gare ka?" Ya shafa gemu ya ce, "Allah ne ya ba ni kunne." Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa inda kunnen ke zuwa kiwo.

Cikin masu kawo masa caji akwai Habsa, mai sayar da dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, a ƙarƙashin dogon yaron da ke tsakiyar kasuwa. Matar Sa'idu ce mai amalanken jaki. Ba shi ne mijinta na fari ba. Na farin makiyayi ne a gefen Sanam, ya rasu ya bar ta da ɗa guda. Da aka yaye yaron kakarsa ta karɓe shi, kamar yadda aka saba da ɗan fari, can ya girma a bayan shanu. Kowa Albarka yake ce masa, sunan da kakar ta laƙaba masa ke nan. Sunansa na yanka, wanda ubansa ya ɗauko daga wani Balaraben da ya taɓa yi wa kiwo, an faɗe shi ranar suna, bai sake fitowa daga bakin kowa ba. A Filinge ko Sa'idu bai san sunan ba.

Ita kuwa Habsa ko Albarka ba ta faɗa. Ɗan fari ne. Uwa a nan ƙasar Kurfai ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu ko ya ci ko bai ci ba. In ya zo Filinge gaishe ta, sai ta tura masa kwano da bayan hannu tana kallon wani wuri, ta ce wa maƙwabciya, "Wancan ya iso." Haka aka koya mata, haka ta riƙe, kuma ana yaba mata.

Wata damina masu bindiga suka faɗa wa makiyaya a dajin Sanam, suka kore shanu. Albarka ya bi sawu. Da labari ya iso Filinge an riga an binne shi. Habsa ta zauna zaman makoki idonta a bushe, mata na cewa, "Kai, wagga akwai tawakkali." Aka watse, kowa ya koma harkarsa.

Daga nan barci ya guje mata. Dambu ya fara ƙonewa a hannunta, ita da ta shekara da shekaru tana turarawa. In motar Sanam ta shigo tasha sai ta bar tukunya a buɗe ta je ta tsaya tana duban masu sauka, har na ƙarshe ya sauka. Ta sha rubutu, ta yi sadaka, zuciyarta ta ɗan lafa a kan sallaya, amma da ta naɗe sallayar abin ya dawo. Ta je likitar unguwa neman ƙwayar barci. Majo, malamar asibitin, ta auna ta, ta ce babu zazzaɓi, babu komai a jini. Da a da ne sai a ce a kai ta Yamai, ɓangaren nan na masu taɓin hankali a babban asibiti, da kowa ya san sunansa kuma babu mai son a ce an ga ɗan'uwansa a ciki. Majo ba ta ce haka ba. Lamba ta sa mata a ƙaramar salularta, ta ce, "Ki kira, kyauta ne. Akwai masu jin Hausa, akwai masu jin Zabarmanci. Ba magani suka badawa ba, saurare suka yi, su ba ki shawara. Aikin da sunka karanta ke nan."

Ta daɗe ba ta kira ba. Da ta kira, wata mata ce ta ɗauka, ta ce sunanta Samiratu. Ranar farko Habsa gaisuwa kaɗai ta yi, ta tambayi lafiyar Yamai, ta kashe. Samiratu ba ta matsa mata ba. A hankali magana ta fara fitowa, kuma a hankali barci ya fara dawowa, rabi-rabi.

Sai abin ya canza. Masu biyan kuɗin layin suka naɗe kayansu, kiran kyauta ya ƙare. Samiratu da abokan aikinta suka koma Wasap. Yanzu sai dai ki danna ki yi magana, abin da ake ce wa bokal, in rezo, wato sabis, ya samu ya tafi, amsa ta zo miki daga baya. Wasu da yawa nan suka yanke, domin ba kowa ke da babbar salula ba. Habsa ta sayar da 'yar akuyarta ta sayi wata salula ta hannu, irin wadda ake shafawa, batirinta ba ya kai yamma. Unguwarsu sabuwa ce, wuta ba ta kai ba, dole kullum sai rumfar Abdulgafar.

Ku lura da wannan, domin nan ɓarnar take. Lokacin kira, magana in ta fita ta tafi ke nan. Bokal kuwa zama yake yi a cikin salula kamar hatsi a rumbu. Samiratu ta san da haka, ta ce mata ta sa kod. Habsa ba ta iya ba. Wa zai sa mata? Abdulgafar.

Ya sa, ya nuna mata yana murmushi. "Inna Habsa, ke da ba ki karatu, mi kika yi da Wasap haka kullum? Ko an samu Alhaji a Kwatano?"

Ta ce, "Caji na kawo, ban kawo hira ba."

'Yan benci suka kwashe da dariya, wani ya ce, "Ta gama da kai, Gafaru!" Abdulgafar ya yi dariyar shi ma, amma abin ya tsaya masa. Tana juya baya ya shiga lungun rumfar, ya buɗe salular, ya kara a kunne. Bokal na ƙarshe da ta aika ya fara da shi. Ya rabu kashi biyu a jere, domin yatsanta ya kan zame tana cikin magana, sai ta sake dannawa. Ga abin da ya ji a na farkon, muryarta ƙasa-ƙasa:

"Fahad. Fahad. To, na faɗa, bakina bai ƙone ba. Rigarka tana wurina, ƙarƙashin matashi, hal yanzu da ƙanshin jikinka. Ranar da kaz zo na so in riƙe hannunka, mutane na nan, kunya ta hana ni. Ba ni barci saboda kai. In mota ta shigo tasha, kai nika nema."

Bai saurari na biyun ba. Ya samu abin da yake so. Ya tura wa kansa, ya fito fuska na ƙyalli, ya ce, "Ku matso, yau shayinku da nama."

Kafin rana ta faɗi magana ta gama tasha. Washegari ta shiga layin mahauta, ta shiga wurin masu niƙa. Aka shiga neman Fahad a Filinge. Wanda aka samu guda ne, yana goye a bayan uwarsa, ko haƙori bai fitar ba. Abdulgafar ya ce ai ba ɗan gari ba ne, direba ne, ba ku ji ta ce tasha ba? Wasu suka ce Balarabe ne na Agadas. Har aka samu wanda ya rantse ya gan shi, fari, dogo, da agogo.

Sa'idu shi ne na ƙarshen ji. Yana ɗaure buhunan gero a kan amalanke wani ɗan kamasho ya ɗaga murya ya ce, "Sa'idu, in ka isa gida ka gaishe muna da Fahad!" Ya tambaya wane ne Fahad, aka yi ta dariya. Wani ya ja shi rumfar caji. Abdulgafar ya yi fuskar tausayi ya ce, "Wallahi Baba Sa'idu ban so ka ji ba, amma ɓoye maka zunubi ne." Ya kunna masa, a gaban 'yan benci.

Sa'idu ba mugun mutum ba ne, amma an yi masa dariya a tasha, kuma da wannan dariyar ya shiga gida. Bayan la'asar ne, Habsa na tsince zogale a tsakar gida. Bai kira ta ɗaki ba. Tsaye ya yi ya ɗaga murya, maƙwabta na ji ta bayan zana.

"Ke Habsa! Wane ne Fahad?"

Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Wannan suna bai taɓa shiga kunnenta daga bakin wani ba tun ranar da aka yanka rago.

"A ina kaj ji shi?"

"Tambayarki nika yi!"

"Ni ma tambayarka nika yi, Maigida. A ina kaj ji shi?"

"A tasha! A bakin yara! Da muryarki, a rumfar Abdulgafar! Rigar wani ƙato ƙarƙashin matashi, cikin gidana?"

Da ya rage murya ya tambaye ta tsakaninsu, da kalma biyu sun kashe maganar. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ji motsin ƙafafu a bayan zana. Ta dubi mutumin da ta yi shekaru tana wanke wa riga, ta ga ya riga ya yanke hukunci tun a hanya. Ta rufe bakinta.

Ya ɗauki salular daga kan turmi. Bai iya shafa ta ba, batirin ma ya mutu. Ya jefa ta cikin akwatinsa ya kulle. Ya ce, "Ki gaya mini wane ne, ko ki tattara naki ki tahi gidanku."

Ta ce, "Za ka ji. Amma ba nan ba. Kasuwa anka kai maganar, kasuwa za a karɓo ta. Ranar kasuwa ka ɗauko salular ka biyo ni. In ka ji abin da bai yi maka ba, ba sai ka kore ni ba, da ƙafata zan tahi."

Kwanakin da suka rage kafin kasuwa sun yi mata tsawo. Babu Samiratu, babu barci. Dambu ya koma ƙonewa, masu saye kuma suka ragu, masu kallo suka ƙaru. Tsohuwa Rahama, maƙwabciyarta, mai sayar da daddawa, ta leƙo ta ce, "Ɗiyata, ki durƙusa ki ba shi haƙuri. Mace ba ta jayayya da miji a bainar jama'a. Ko mi kinka yi, Allah na gafartawa."

Habsa ta ce, "Haƙurin mi zan bayar, Inna? Ni anka shiga wa ɗaki."

Ranar kasuwa da hantsi, lokacin da katakon Abdulgafar ya cika maƙil da salulolin mutanen ƙauye, Habsa ta rufe tukunyarta, ta gyara mayafi, ta nufi rumfar. Sa'idu na biye da ita, salular a aljihu, kansa a ƙasa. Mutane suka ga alama, suka bar ciniki suka bi su. Har sarkin kasuwa, da ke wucewa da sandarsa, ya tsaya.

Ta karɓi salular ta ajiye a kan teburin. "Sa mata wuta."

Abdulgafar ya ce, "Inna, babu wuri, duba ki gani."

"Cire taka ka sa tawa."

Ya cire, ya sa. Aka tsaya ana jira ta kama.

Da ta kawo haske ta ce, "Buɗe. Ka san kod, kai kas sa shi. Ka haɗa ta da wagga lasifikar da kaka kunna wa'azi da ita. Kai rabi ka ba su, ni duka zan ba su."

"Haba Inna, ai wanga sirrinki ne, bai kamata..."

"Yau kas san sirri ne?" Ta buga tebur. "Fara daga na bisa, na matar da ta yi mini magana. Sa'an nan nawa, duka biyun. In ka tsallake guda, Allah ya isa."

Sarkin kasuwa ya ce, "Yi abin da tac ce."

Ya danna. Muryar wata mata ta fito, a natse, Hausarta ta Yamai:

"Inna Habsa, Samiratu ce. Na ji saƙonki. Kin ce tun da kika haife shi ba ki taɓa kiran sunansa ba, kuma da ya rasu ba ki yi kuka ba, don kada a ce ba ki da kunya. Ban ce al'adarku ba ta da kyau ba. Amma abin da kika haɗiye yana nan, shi ke hana ki barci. In kina iyawa, ki samu wuri ke kaɗai, ki kira shi da sunansa, ki gaya masa abin da ba ki gaya masa ba. Ba don zai ji ba, ya riga ya koma ga Ubangijinsa. Don ke ki sauke. In ba ki iya ba yau, babu laifi."

Sai bokal ɗin da kowa ya riga ya sani ya biyo, na riga da tasha. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Sai na biyun, wanda Abdulgafar kansa bai taɓa ji ba:

"Fahad, ni na haife ka. Su suna ce maka Albarka, ni ko wannan ban iya faɗi ba. Ranar da kakarka ta ɗauke ka na bi ku da ido hal kunka shige gero, na dawo na ci gaba da daka. Da kaz zo da ƙaramar salla ka ce mini, Inna na tahi, ban amsa ba, kai na ɗaga kawai. Da na san shi ke nan, da na amsa. Sun binne ka ban gan ka ba. Ka yafe mini, ɗana."

Daga nan sai kuka, a cikin lasifika, kukan da ba a gani ba ranar makoki. Ya yi tsawo. Abdulgafar ya kai hannu zai kashe, ta ce, "Bar shi ya ƙare."

Sa'idu ya tsuguna a ƙasa ya dafe kai. Ya san Albarka. Shi ya kan ɗauko shi daga tasha a kan amalanke in ya zo. Ya ce, "Habsa, don mi ba ki gaya mini ba?"

"Ka tambaye ni, ko mai caji kat tambaya?"

Tsohuwa Rahama na share ido da gefen zane, amma duk da haka ta ce, "Ɗiyata, an zalunce ki. Sai dai sunan ɗan fari, a kasuwa, maza na ji..."

Habsa ta juyo ta fuskanci taron. Ta ce, "Fahad." Ba ta ɗaga murya sosai ba, amma an ji ta har wurin masu tabarmi. "Sunanshi ke nan. Na riƙe kunya tun yana cikin zane hal ya shiga ƙasa, ba ta ba ni barcin dare guda ba. Wanda ya ga na yi rashin kunya, ya zo ya karɓi abin da ke ƙirjina ya kwana da shi, gobe mu yi magana."

Daga baya wani ɗan benci, da ba ya son wasan ya ƙare haka, ya ce, "To ashe da likitar mahaukata taka magana."

Ta neme shi da ido har ta same shi. "Kai ɗan wa ne? E, da ita nika magana. In haƙorinka na ciwo ina kaka zuwa, wurin maƙeri? Zuciyata ta yi ciwo, na samu mai sauraro, kuma gobe ma zan aika mata. Cikin masu tsayuwa nan, wa bai rasa wani ba a shekarun nan? Wa ka barci kamar da? Ku yi ta haɗiya in kuna so. Ni na gaji."

Ɗan bencin ya noƙe. Sai wani dattijo makiyayi, da malfa da sanda a kafaɗa, ya matso gaban tebur. A hankali yake magana.

"Yaro, ni tambaya guda gare ni. Wagga baiwar Allah caji ta kawo maka. Ƙaƙa anka yi maganarta ta shiga kunnenka?"

Abdulgafar ya ce, "Baba, kuskure ne, hannuna ne ya taɓa..."

"Hannunka ya taɓa, hal ta tsallaka cikin taka salular?" Ya nuna katako da sanda. "Waccan mai igiya ja tawa ce. Tun bara nika kawo ta. Ba ni."

Wani daga Damana ya ce, "Tsaya! Maganar ɗana da anka kama a Libiya, ni da uwarshi kaɗai munka sani, sai na ji ta a tasha. Ashe nan ta fita!" Wata mata ta ce, "Ni ma ba ni tawa!" Sai hannuwa suka yi yawa. Babu wanda ya jira caji ya cika. Kowa ya fizge tasa, wasu har da wayar Abdulgafar a jiki. Samari biyu suka so su kama shi da duka, sarkin kasuwa ya gitta sanda ya ce babu mai taɓa shi. Ya sa shi ya goge muryar Habsa daga salularsa a gaban kowa, sa'an nan ya ce masa ya same shi bayan azahar.

Habsa ta zare tata, ta ƙulle a bakin mayafi. Sa'idu ya miƙe ya ce, "Mu tahi gida."

Ta ce, "Tahi. Ni dambuna na jira na." Ta koma ƙarƙashin dogon yaro ta buɗe tukunya, ta yi cinikinta har kasuwa ta watse.

Ba ta bar gidan ba, amma ta daɗe ba ta yi masa magana ba in ban da gaisuwa. Shi da kansa ya nemo ɗan ƙaramin faranti ya ɗora a kan ɗakinta, don salular ta daina kwana a hannun wani. Majo ta koya mata canza kod da goge bokal in ta gama. Wasu sun daina sayen abincinta, suna cewa ta taɓu, kuma har yau ba su dawo ba. Ba ta bi kowa da roƙo ba. Wasu kuwa da ba su taɓa saye ba suka fara zuwa, mata da maza, su tsuguna kusa da tukunya su ce ƙasa-ƙasa, "Zuba mini kopto. Ki haɗa mini da lambar matar nan." Takan bayar, ba ta tambayar dalili.

Shi kuwa Abdulgafar, ga abin da ya rasa. Mutanen ƙauye sun koma wurin wani mai caji a bakin masallaci, babu wanda ya sake kawo masa ko rediyo. Sarkin kasuwa ya karɓe wurin rumfar ya ba mai sayar da albasa. Farantan biyu ya sayar da su, ɗaya bayan ɗaya. Bencin yana nan, amma masu zama a kai sun ɗauki butar shayinsu sun canza inuwa. Gidan da ya kai kayan neman aure sun mayar masa da su a kan kai, da rana. Yanzu lodi yake yi wa motocin Yamai, kuma in ya doso inda mutum biyu ke magana, sai su yi shiru har ya wuce.